Ya ake wanke tagogin saman bene ba tare da gilashi ya yi zane ba?

Sabon_hannu:
Salam 'yan uwa, na fara sana'ar wanke taga, na ƙasa ba matsala amma na sama idan ya bushe sai ka ga zane-zane, ga ƙura maƙare a firam ɗin almuniyum. Don Allah a taimaka.

Tsohon_hannu:
Ƙanena kar ka fara da ruwa, ƙurar hunturu in ta jiƙe taɓo take zama. Fara share firam da busasshen buroshi, har layin da gilashin ke gudu a kai, ka tsokale ƙananan ramukan da ruwa ke fita, sannan sabulun wanke-wanke ɗan ɗigo kawai a bokiti banda Omo, ka ja da robar jan ruwa daga sama zuwa ƙasa kana goge bakinta duk ja ɗaya. Kuma kar ka yi cikin rana tsaka.

Mai_tsani:
Yawancin gilashin silaidin, wato wanda ake turawa gefe, ana ɗaga shi a ciro ta cikin ɗaki, ba sai ka hau ba. In dole ne, tsani mita 4 ka ja gindinsa mita 1 daga bango, wani ya riƙe maka, ka kula da wayar wuta sosai.

Uwar_gida:
Ɗana in ka ga farin tabo a gilashin, na ruwan bohol ne, ruwan khal ke cire shi.

Sabon_hannu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.