Na sauke bayanan ƙidayar kifi daga intanet, wa zan ambata a aikina?

ɗalibar_ruwa:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min. Ina shekarar ƙarshe ne, furojet ɗina a kan yadda wani kifin teku ke raguwa a tsawon shekaru, to ba ni da halin shiga ruwa in ƙirga da kaina shi ne na koma kan bayanan da wasu suka tattara suka zuba a intanet kyauta. Na ɗebo wasu daga GBIF, shafin da ke tara bayanan inda aka ga halittu a faɗin duniya, girman kifin da lokacin da yake fara ƙwai na duba a FishBase, shafin bayanan nau'o'in kifi, sai alƙaluman kamu na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Na haɗa su a Excel, zanen ya fito da kyau layin na gangarowa ƙasa. Jiya na kai wa malamin da ke duba aikin, ya ja jan biro ƙarƙashin inda na rubuta "tushe: intanet" ya ce in je in gyara, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Yanzu wa zan ambata, shafin ko mutanen da suka yi ƙidayar? Kuma wata huɗu ke nan da saukewa, na ma manta ranar.

mai_lissafi:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, kwantar da hankalinki abin da sauƙi. In dai ta asusunki kika sauke daga GBIF to sun ba wannan saukewar taki lambar DOI tata ita kaɗai, wato lambar shaida ta dindindin da ake bi a intanet a kai ga abin, ki duba imel ɗinki ko ki shiga asusun wajen jerin abubuwan da kika sauke, za ki gan ta har da ranar. Ita za ki sa. Duk wanda ya bi lambar zai ga ainihin abin da kika tace da sunayen cibiyoyin da bayanan suka fito daga gare su, kuma GBIF na bin diddigin wannan tana nuna wa kowace cibiya inda aka yi amfani da kayanta. FishBase kuma ana rubuta sunan editocinsa, Froese da Pauly, da shekara da watan bugun da kika duba, don suna sabunta shi. Amma kowace lamba a ciki akwai takardar da aka ciro ta daga ciki, ki danna ki gani ki ambaci ita ma. Ki leƙa lasisi kuma, wato sharaɗin amfani da bayanan, na GBIF iri uku ne, CC0 da CC BY da CC BY-NC, na ƙarshen ya hana kasuwanci da bayanan, aikin makaranta dai ba matsala.

tsohon_mai_awo:
Malam mai lissafi ya gama maganar ambato, ni abin da ya tsaya min a rai haɗin nan ne da kika yi, ƙanwata. Yawancin abin da ke GBIF cewa yake an ga kifi kaza a wuri kaza ran kaza, bai gaya miki sau nawa aka jefa raga aka ɗago ba komai ba. In masu bincike sun rage zuwa wurin layinki zai sauka ko da ruwan na nan cike da kifin. Na FAO kuma, da suka faro daga 1950, abin da ƙasashe suka ce an kama ne, kuma kamu na hawa da sauka saboda yawan jirage da dokar hana su da sauransu. Ƙananan masunta ma da yawa ba sa shiga lissafin, masu bincike Pauly da Zeller sun sake lissafin a 2016 suka samu ainihin kamun teku daga 1950 zuwa 2010 ya ɗara wanda aka bayar da kusan rabi.

Kin san abin da ya faru da kifin kod a gaɓar Newfoundland ta Kanada? Kifin na ƙarewa amma ragowar na taruwa wuri guda, manyan jirage kuma sun iya gano su, sai raga ta ci gaba da cika alƙaluma suna cewa lafiya lau, har 1992 da gwamnati ta rufe sun gaba ɗaya mutum dubbai suka rasa abin yi. Shi ya sa ake raba kamun da yawan ƙoƙarin da aka yi, kuma ko shi ɗin sai an yi hattara.

Na yi shekaru ina aikin awo, akwai shekarar da aka canza mana raga zuwa mai ƙananan ido, nan take ƙananan kifi suka cika takardunmu, wanda bai karanta bayanin da muka liƙa a gefe ba zai rantse kifin ya hayayyafa ne. Akwai kuma gurbin da muke bari fayau in injin jirgi ya lalace ba mu fita ba, wani ya zo ya cike da sifili, alhali sifili na nufin mun fita mun jefa ba mu samu ba. Wallahi wannan kaɗai ya isa ya juya sakamako. Tunda kifin teku ne ki duba rumbun bayanai na DATRAS na ICES, ƙungiyar binciken teku ta ƙasa da ƙasa, in yankin ya shiga, can binciken jiragen gwaji ne da ake maimaitawa da tsari ɗaya, ko RAM Legacy, rumbun bayanan kimanta yawan kifi, shi ma kowane bugu da lambar DOI ɗinsa.

ma'aikaciyar_fili:
Ni ina cikin masu tattarawar ne kuma maganar nan na taɓa ni sosai. Ka tashi da duhu, ka auna kifi ɗari uku ɗaya bayan ɗaya a kan allon awo hannunka duk ƙaya da sanyi, takarda na jiƙewa kana kāre ta da jikinka, shekara da shekaru, sannan ka ga an buga aiki da lambobinka ko sunan shirin babu. In lokacin neman kuɗin ci gaba ya zo tambayar farko ita ce wa ke amfani da bayananku, in ba a ambace mu ba me za mu nuna? Don Allah ki tura wa masu bayanan imel, adireshinsu na jikin bayanin, ki gaya musu abin da kike yi. Ni in aka tambaye ni har abin da ban rubuta ba nake faɗa.

mai_lissafi:
Gaskiya ne Hajiya, sai dai kar ta ɗauka dole sai an ba ta izini ko ta sa su cikin marubuta, lasisin ya riga ya ba ta dama. In sun taya ta fassara sakamakon sosai to wannan magana ce daban.

ɗalibar_ruwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na samu DOI ɗin a imel yana nan da ranarsa. Na koma kan takardar kuma jikina ya yi sanyi, shekaru uku na ƙarshe da layin ya faɗi cibiya ɗaya ce ta daina saka bayanai, kuma ni da hannuna na cike guraben da sifili. Na cire na GBIF daga zanen raguwar zan bar shi wajen nuna inda ake samun kifin kawai. Baba mai awo, in na sauke na DATRAS zan dawo da tambaya kan yadda ake raba kamun da tsawon lokacin jan raga, don Allah kar ka gaji da ni.