Daga nono zuwa madarar gwangwani: yaya kuka yi?

Mai jego, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hutun haihuwata ya kusa ƙarewa, yarinyar kuma ba ta cika wata huɗu ba. Na san a asibiti nono zalla suke cewa har wata 6, amma aikina daga safe ne har la'asar, abin da nake tatsa kuma ba ya kai ta azahar. Waɗanda suka taɓa haɗa wa jariri da madarar gwangwani, don Allah ku faɗa mini yadda kuka yi.

Maman 'yan biyu, Pantami: Wa'alaikumus salam. Ni dole ce ta sa, nonon bai ishe su ba. Kar ki yanke mata lokaci guda, ƙanwata. Ki cire shayarwa ɗaya ta tsakar rana ki ba ta madara, sai jikinki ya saba ki cire wata. Maƙwabciyata da ta yanke a rana ɗaya, nono ya cika ya yi tauri, ga zazzaɓi, sai da aka kai ta asibiti. In ya cika miki a wajen aiki ki ɗan tatse kaɗan. Da asuba da dare kuma ki ci gaba da ba ta nononta.

Wata nas, Jekadafari: Yawancin jariran da ake kawo mana da gudawa bayan an fara madara, haɗin ne matsalar. A tafasa ruwa sosai, ko na leda ne, balle na 'yan garuwa. A bar shi ya ɗan huce, kar ya wuce minti 30, don garin madarar ma yakan ɗauki ƙwayoyin cuta, sai ruwa mai zafin da ya kai digiri 70 ke kashe su. Ruwa ake fara zubawa, sannan gari, da cokalin da ya zo cikin gwangwanin, a shafe bakinsa. Yawanci cokali ɗaya ne ga mil 30, amma a duba jikin gwangwanin. A huce shi, a ɗiga a hannu a ji. Abin da ta rage a zubar. A zafin Gombe na Maris da Afrilu, ga ba wuta, madarar da ta zauna awa biyu ba ta shayuwa.

Maman Yaya, Kumo: Anti nas, zubarwar nan ita ke ci mana rai, kin san kuɗin gwangwani yanzu. Ni da na ga yana saurin ƙarewa, kishiyata ta ce in ƙara ruwa ya yi auki. Allah ya sa na tambaya a wajen awo, suka ce yaro zai rame, ruwan da ya yi yawa kuma yana iya sa shi jijjiga. Sai na koma haɗa kaɗan-kaɗan, in bai ƙoshi ba in ƙara. Surukata kuma nonon shanu take so a ba shi, wai da shi aka raine su. Da ƙyar maigida ya fahimtar da ita sai ya shekara. Haka madarar shayi irin su Peak, ba ta jarirai ba ce. Mai jego, ki duba gwangwani mai lamba 1, ita ce ta ƙasa da wata 6.

Malama, Bolari: Tawa yarinyar fida ta ƙi, tana jin ƙamshina sai kuka. Da na fita tsakar gida kakarta ta ba ta da ƙaramin kofi, ta karɓa. Kofin ma ya fi sauƙin wanki, fida kuwa sai an tafasa. Kuma kar ki tsorata in kashinta ya ɗan yi kauri ya canza wari. In ya zama gudawa ko amai ko ƙuraje ne, ki kai ta a duba.

Hajiya, Herwagana: 'Ya'yana, da can in nono ya gaza 'yar uwa ake nema ta shayar. In za a yi haka, a tabbatar da lafiyarta a asibiti, a kuma sanar da dangi, don 'ya'yanta da jaririn sun zama 'yan uwan shan nono, babu aure tsakaninsu.

Mai jego, Tudun Wada: Allah ya saka da alheri. Gobe zan fara da ta azahar tun ina gida. Anti nas, in na zuba tafasasshen ruwan a filas da safe, zai kai wa mai rainon har rana, ko sai ta riƙa tafasa sabo?