Waɗanda suka taɓa zaman kulle, me kuka fi kewa?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Wata 14 na yi a gidan yari ina jiran shari'a kan rigimar fili. Mutane suna zaton gabza ce ta fi damuna. Wallahi dare ne. Tun kafin magariba ake ƙirga mu a rufe, na fi shekara ban ga tauraro ba. Ko watan azumi a bakin gandiroba muka ji an gani. Ku da kuka taɓa shiga, me ya fi tsaya muku a rai?

Ɗan Kurna: Allah ya sa kaffara ne. Ni rashin sanin ranar fita. Wanda aka yanke wa hukunci yana da abin lissafawa, yana zana kwanakinsa a bango. Mu 'yan jiran shari'a, da muka kai kusan kashi biyu cikin uku na fursunonin Najeriya, sai dai a kai ka kotu a ɗage, a dawo da kai. Ranar da aka ce alƙalin alƙalan jiha zai zo ya sallami wasu daga cikinmu, kowa ya wanke rigarsa tun asuba. Aka yi ta kiran sunaye, ban ji nawa ba. Kwana biyu ban iya cin abinci ba.

Maman Sadik: Ni ɗana ne, kuma da hannunmu muka kai shi gidan mari saboda ƙwaya. Sai da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, a Satumbar 2019, hankalinmu ya tashi muka je muka ɗauko shi daga inda yake. Ya daɗe yana tafiya da gajeren taku kamar marin na nan a ƙafarsa. Abu ɗaya ya roƙe ni: "Mama, kar a rufe min ƙofa." Har yau labule kawai yake saki.

Direba: A shekarar aka sauya sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali, amma ni tarar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba ta zaunar da ni. Azumi muke jira, ko Allah zai kawo mai hali ya biya mana.

Baban Ummi: Maman Sadik, ki bar masa labulensa. Ni ma ranar da na dawo, tabarma na shimfiɗa a tsakar gida. Sauro ya cije ni son ransa, ban shiga ɗaki ba sai da aka kira assalatu.