Na koyi ɗinki, amma na kasa karɓar kayan mutane

Maman Ilham:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai. Na koyi ɗinkin mata a wajen wata ƙwararriyar tela a unguwarmu har ta yaye ni, maigidana kuma ya saya mini keke da almakashi da sauran kayan aiki, amma har yau ban karɓi yadin kowa ba. Duk lokacin da maƙwabciya ta ce za ta kawo atamfa, sai in ce ta dakata tukuna, domin ina ganin wuyan rigar da nake fitarwa bai kai na malamata kyau ba. Ko rigar 'yata na ɗinka, sai in farke in sake, har yadin ya fara gajiya. Da dare barci yakan gagare ni saboda tunanin abin da zan biya idan na ɓata leshin wata, da irin sunan da zan yi a unguwa. Yanzu ma zuciyata tana raya mini in jira sai na sami keken lantarki. Ga azumi yana ƙaratowa, shin ta ina zan fara?

Hajiya Mai Shago:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na daɗe a wannan sana'a, kuma ina tabbatar miki cewa abin da ya rage miki ba ya koyuwa a jikin 'yarki. Jikin mutane ya bambanta: wata kafaɗarta a sauke take, wata doguwa ce mai gajeren hannu, wata kuma za ki auna ta yau, ranar karɓa ta ce ita sakakkiyar riga take so. Sai kin ɗauki awon mata daban-daban kafin hannunki ya san inda zai ƙara da inda zai rage.

Tsoron asara kuwa gaskiya ne, don haka ki rage abin da za ki iya asara. Kada ki taɓa leshi ko shadda mai tsada a yanzu. Ki fara da kayan yara, da zani, da hijabi, da doguwar riga marar ado, daga atamfa mai sauƙin kuɗi irin wadda ta cika Kantin Kwari. Ki rubuta awon kowace mace a littafi tare da sunanta, kuma idan za ki yanka ki bar ƙarin yadi a gefen ɗinki, domin rigar da ta yi yawa ana rage ta, wadda ta matse kuwa sai dai haƙuri. Batun keken lantarki ki ajiye shi. Da wannan yanayin wutar, mai keken ƙafa ma ta fi kwanciyar hankali.

Malam Abu Sadik:
'Yar'uwa, Allah ya sa albarka a sana'arki. A aya ta 159 ta Suratu Ali Imrana, Allah ya umurci Manzonsa (SAW) da yin shawara, sannan ya ce idan ya ƙudura niyya ya dogara gare Shi. Wato tunani da shawara suna da iyaka, kuma ke kin riga kin kai iyakar, tunda wadda ta koya miki ta shaida kin iya. Haka kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Kyautata aiki abin so ne a addini, amma ana kyautata aikin da aka fara ne. Ki yi istihara, ki karɓi kayan mutum ɗaya, ki faɗa mata gaskiya cewa ke sabuwa ce, ki kuma yanka mata ranar karɓa da bakinki, domin alkawarin da kika ɗauka zai hana ki farke abin da ba ya buƙatar farkewa.

Yaya Zainab:
Na yarda da Hajiya da Malam, sai dai ina so in ƙara abin da zai taimaka miki wajen sanin lokacin da riga ta gamu. Wani masani ɗan Amurka, Herbert Simon, wanda ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1978, ya yi bayanin cewa ɗan'adam ba shi da lokaci ko ilimin da zai tantance duk zaɓin da ke gabansa, saboda haka abin da ya dace shi ne ya tsayar da ma'auni, ya karɓi abin da ya cika shi. Ki rubuta naki ma'aunin tun kafin ki sa almakashi: awo ya yi daidai, ɗinki ya miƙe, zik yana tafiya, an yi guga. Idan waɗannan sun cika, ki ninke rigar ki sa a leda, kada ki sake ɗauko ta. Kwatanta wuyan rigar da kike fitarwa da na malamarki rashin adalci ne ga kanki, domin ita shekaru ta yi tana fitar da shi.

Ban goyi bayan ki fara da ɗinkin Sallah da yawa ba, domin a goman ƙarshe na azumi ko tsofaffin teloli suna rikicewa. Ki karɓi kala biyu ko uku kafin a ga wata. Idan kuma rashin barcin nan ya ci gaba, ko kika ga wasiwasin ya shiga alwala da salla da rufe ƙofa, to ya wuce batun ɗinki, ki ga likita ba tare da jin kunya ba.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na aika wa maƙwabciyata ta kawo atamfar yaranta biyu, na ce ta zo karɓa ranar Alhamis. Hajiya, don Allah nawa ya kamata in ce ta biya, ko in yi mata kyauta tunda na farko ne?

Hajiya Mai Shago:
Kada ki yi kyauta, ƙanwata, domin wadda kika yi wa kyauta ba za ta faɗa miki inda rigar ta dame ta ba. Ki tambayi abin da ake biya a unguwarku, ki rage mata kaɗan, kuma ki ce ta zo da yaran ranar karɓa su gwada a gabanki.