Aikin takarda da yara a tanti a Tarkwa Bay: ya ake yi da danshi?

Maman Ilham, Agege: Assalamu alaikum. Za mu kwana biyu a tanti a gaɓar tekun Tarkwa Bay ta Legas da yara, suna son naɗa jiragen ruwa da fitilun takarda. Wace takarda da gam za su jure iskar teku? Kuma babbansu, ɗan shekara 12, ya matsa sai ya gwada nutso.

Baban Sadiƙ, Idi-Araba: Wa alaikumus salam Hajiya. Danshi ne matsalar. Takardar firinta mai giram 80 (awon nauyin takarda a kowace murabba'in mita) tana shan laima ta yi laushi, naɗin ya ƙi tsayawa. Ki nemi kwali mai giram 160 zuwa 200. Masu ɗab'i a Shomolu suna sayar da ragowar yanka da araha. Ya wuce 250 kuma zai tsage a wurin naɗi.

Kafin a yanka, a lanƙwasa kwalin a hankali ta tsawo da ta faɗi. Ɓangaren da ya fi saurin lanƙwasuwa, ta nan za a bi da naɗin, in ba haka ba bakin ya fito da gashi-gashi. A dafa rula, a ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, sannan a naɗe.

Farin gam akwai ruwa a cikinsa, shi ya sa yake murɗe takarda, ga jinkirin bushewa a bakin teku. A ɗiga shi da tsinken sakace, a matse da abin maƙale shanya na minti 10, ko a huta da salatif mai fuska biyu. Kayan duka su kwana cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi. A yi aikin da hantsi, don da yamma raɓa ta fara sauka. Disamba da Janairu sun fi, lokacin da hunturu ke ɗan leƙo Legas.

Anti Rabi, Obalende: Jirgin kuwa takarda mara kauri ya fi so. A goga mata kyandir ciki da waje kafin naɗi, zai daɗe bai nutse ba. Fitila kuma tocilar batir kawai za a sa mata, ban da kyandir, ban da risho a cikin tanti. Reza ta zauna a hannun manya.

Malam Habu, Apapa: Hajiya, batun nutso a bi a sannu. Makarantun nutso suna karɓar yaro daga shekara 10, amma da malami mai shaida, kuma a ginannen tafkin iyo ake farawa. Ƙa'ida ta farko: mai tukunyar iska a baya ba ya riƙe numfashi, domin iskar huhu tana kumbura yayin tasowa. Ana tasowa a hankali, a dakata minti 3 a zurfin mita 5.

Ruwan Legas ba shi da haske sosai, balle da damina. Cikin Tarkwa ya fi lafawa saboda katangar duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa, amma gaɓar Lighthouse da ke kusa tana da igiyar ruwa mai jan mutum cikin teku. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita, ya yi iyo ta gefe, a jere da gaɓa, har ta sake shi. A wannan zuwan, gilashin ido da bututun numfashi a ruwa iya ƙirji sun ishe shi, babba na tsaye kusa. Da kwale-kwale ake shiga Tarkwa, kowa ya ɗaura rigar kariya tun daga tasha.