Katin sauti biyu a kwamfuta ɗaya: wa ya taɓa haɗawa a nan Legas?

Ɗan Agege

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tsohuwar Pentium III mai bod ɗin Intel 440BX, da ramukan ISA biyu a jikinta, wato tsofaffin ramukan soka kati. Tun bara nake lallaɓa ta saboda wasannin DOS da muka taso da su, su Prince of Persia da Wolfenstein 3D da Doom. Katin sauti Sound Blaster AWE64 ne a ciki kuma lafiya lau yake aiki. Makon jiya ina Computer Village sai na ci karo da wani katin ISA mai cif ɗin Yamaha YMF719 a ƙasan kwalin tarkace. Na saya, don na daɗe ina jin cewa kiɗan FM ɗinsa, wato kiɗan da cif ɗin ke haɗawa da kansa, shi ne irin na asali. Da na soka shi kusa da na farkon sai abu ya rikice. Duk wanda na jona wa sifika kiɗa na fita, amma ƙarar bindiga da muryoyi sun ɗauke, wani lokacin ma wasan ya daskare sai na kashe. Ina cire sabon komai ya koma daidai. Wanda ya taɓa haɗa biyu suka zauna lafiya, don Allah ya faɗa mana yadda ya yi, ko da bai yi nasara ba ina son ji.

Mai Gyara a Ikeja

Wa alaikumus salam. Malam, katunanka duka lafiyarsu ƙalau. Na yi wa mutum uku irin wannan aikin a shago, kuma duk wuri ɗaya matsalar take. Wasan DOS kai tsaye yake magana da kati, babu Windows a tsakani da zai raba musu hanya. Abu uku yake nema: adireshin katin, layin IRQ da kati ke kiran furosesa da shi, da tashar DMA da ake tura sauti ta ciki. Katunan nan biyu kuwa kusan kullum a adireshi 220 da IRQ 5 da DMA 1 suke tashi. Kiɗan FM aikawa kawai ake yi zuwa 388, ba ya buƙatar IRQ, shi ya sa kake jin sa ta ko'ina. Ƙarar bindiga ita ce ke bi ta DMA tana jiran IRQ, to nan suke karo.

Ni kafin in taɓa sukundireba takarda nake ɗauka in rubuta abin da aka riga aka kama. IRQ 3 da 4 na tashoshin COM ne, 6 na fulofi, 12 na linzamin PS/2, 14 da 15 na hadis da CD. A DMA kuma 2 na fulofi ne, 4 ba a taɓa ta. Abin da ya rage shi za ka raba. Ka bar AWE64 inda yake, ka buɗe SETUPSA, manhajar saita Yamaha, ka mayar da shi 240, IRQ 7, DMA 3. Ka kashe tashar firinta a BIOS don ita ma IRQ 7 take riƙe da shi. Ramin joyistik kuma ɗaya kawai za ka bari a kunne, dukansu 201 suke amsawa.

Baban Obalende

Yarona mai gyara ya faɗi gaskiya a kan cutar, amma a kan magani ni juyawa zan yi. Na yi aiki a wani shagon buga takardu a nan Ikko tun zamanin 486, kuma Sound Blaster na farko da na riƙe IRQ 7 aka saita masa daga kamfani. Sai daga baya suka koma 5, saboda rigimar firinta. Wasannin da aka rubuta tsakanin 1989 da wajen 1992 da yawansu ba sa tambayarka komai, 220 suke zuwa, wasu ma 7 suke tsammani. Akwai kuma waɗanda ba sa aika FM ta 388, ta adireshin Sound Blaster ɗin kansa suke aikawa. To in ka ajiye Yamaha a 240, irin waɗannan wasannin AWE64 za su samu, kuma abin da ka sayi Yamahar dominsa ba za ka ji shi ba.

Ni a tawa tsohon kati ne ke zaune a 220, IRQ 7, DMA 1. Na zamani, irin AWE64, shi ke ƙaura zuwa 240, IRQ 5, DMA 3, da babbar DMA 5. Wasannin da suka san AWE, irin Duke Nukem 3D na 1996, duk suna da SETUP da zai tambaye ka adireshi, ka gaya masa 240 ya bi. Yaro ake aika nesa, tsoho a bar shi a ƙofar gidan da aka san shi.

Nawa tsohon Sound Blaster Pro 2 ne mai 'yan marufan da ake cirewa da hannu a canza adireshi. Irinsa sai ka shiga BIOS ka ware masa IRQ da DMA ɗinsa a matsayin Legacy ISA, in ba haka ba bod ɗin zai ba wa katin hoto ko USB layin, don bai san da zamansa ba. Na yi kwana biyu ina neman wannan kafin in gane.

Mai Gyara a Ikeja

Baba, na karɓi gyara. Ban yi tunanin masu aika FM ta 220 ba. Malam Ɗan Agege ka bi tsarin Baba. Layukanka na BLASTER, masu gaya wa wasa inda kati yake, za su zama haka: na Yamaha SET BLASTER=A220 I7 D1 T4, na AWE64 kuma SET BLASTER=A240 I5 D3 H5 P330 E640 T6. Amma BLASTER ɗaya DOS ke riƙewa a lokaci guda. Tun daga MS-DOS 6 ana iya yin jerin zaɓi a CONFIG.SYS, kana kunnawa ta tambaye ka wanne kake so. Ni dai 'yan fayilolin BAT biyu nake yi wa mutane, ɗaya na kowane kati, ba sai an sake kunna kwamfuta ba.

Mai Kibod na Mile 12

Ni ta wata ƙofar na shigo wannan harka. Sana'ata kiɗan biki ce, kuma Roland SC-55 ɗin da nake da shi, akwatin kiɗan MIDI da ake jonawa daga waje, don aiki na saye shi a Alaba shekarun baya, ban san yana da alaƙa da wasanni ba. Sai wani abokina ya ce min ai a kan irinsa Bobby Prince ya tsara kiɗan Doom. Ranar da na jona shi na ji ganga da jita sun fito yadda mai su ya nufa, wallahi sai da na ajiye linzami na zauna ina saurare kawai. SETUP na Doom yana raba tambayar gida biyu, katin kiɗa daban, katin ƙararraki daban. Ka zaɓi General MIDI a 330 don kiɗa, Sound Blaster don ƙara. Ashe tun 1993 an san mutane za su haɗa na'ura biyu.

Abin da ya kai ni ga kati na biyu shi ne maƙalewar sauti. Katin 16-bit da nake da shi a lokacin, in kiɗan MIDI na fita ta cikinsa kuma ƙarar wasa na fita a lokaci ɗaya, sai wata murya ta tsaya tana kuka ba ta saki. Kunnen makaɗi ba ya jure wannan. Na canza waya, na canza sifika, na zargi Roland ɗin kansa, ashe sananniyar cuta ce a katunan Sound Blaster da sigar DSP ɗinsu, wato cif mai sarrafa sauti, ke tsakanin 4.11 da 4.13. Maganinta kawai a raba musu aiki. Na samo ƙaramin kati mai ESS ES1868, na kashe masa komai sai tashar MIDI a 330, na mayar da ta babban katin 300. Tun ranar ban sake ji ba. Kai da kake da AWE64 wannan bai shafe ka ba, nasa DSP ɗin 4.16 ne. Amma ka kula, shi ma Yamaha ɗinka yana da tashar MIDI, kada ka bar su duka a 330.

Ƙarin bayani ga mai sha'awa: akwatin Roland MT-32 na 1987 ba General MIDI ba ne, jerin kayan kiɗansa daban. Wasannin Sierra na farko, tun daga King's Quest IV, shi aka yi wa, kuma suna neman MPU-401 na gaske, wato mahaɗin MIDI na Roland, mai cikakken aiki. Tashar da ke jikin katunan sauti rabin aikin take yi, sai an ɗora manhajar SoftMPU ta cike sauran.

Auta daga Idi-Araba

Yayyena ku yi haƙuri da tambayata. Ni a laftof nake buga duk waɗannan da DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfutar DOS, kuma a ciki akwai Sound Blaster 16 da Gravis UltraSound a tare, layi biyu kawai na gyara a fayil. Na taɓa gwada ta gaske da Sound Blaster Live! na PCI, ya yi min Doom, amma sai da EMM386, manhajar sarrafa ƙwaƙwalwa ta DOS, kuma Ultima VII ba ya tashi in EMM386 na nan. Daga nan na haƙura. Bambancin ya kai a sha wannan wahalar?

Baban Obalende

Auta, DOSBox aiki ne mai kyau, jikokina da shi suke wasa. Ka zo gida wata Lahadi ka ji OPL3 na gaske, cif ɗin FM na Yamaha, da kunnenka, sai ka yanke hukunci da kanka. Abin da ka gani da katin PCI kuwa haka yake, DMA irin ta ISA babu ita a PCI, kwaikwayo ake yi da manhaja, shi ya sa muke neman bod mai ramin ISA ido rufe.

Maman Hanifa, Ajah

Sannunku da ƙoƙari. Kwamfutar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, na ɗauko ta daga Zariya bayan rasuwarsa. AWE32 ne a ciki da wani ƙaramin kati da ya ƙara. A Zariya ta yi shekaru a ɗaki ba abin da ya same ta, a nan damina ɗaya ta yi sai kati ɗaya ya daina bayyana. Na ɗauka lissafin IRQ ne ya rikice, na yi ta canje-canje a banza. Da na zare katin sai na ga haƙoransa na zinare sun dushe, bakin ƙarfen baya ya fara tsatsa. Danshin Legas ne da iskar teku. Na goge haƙoran a hankali da abin goge fensir, na bi da sifirit a auduga, na bar shi ya bushe, ya dawo. Yanzu ina zuba 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi a cikin akwatin, kuma ko ba zan yi wasa ba ina kunna ta duk mako ta ɗan yi zafi. Don haka Malam, kafin ka zargi saiti ka duba katin da ka tsinto a kwali, ba ka san damina nawa ya yi a can ba.

Sai maganar gurnani. Da farko fitar ƙaramin katin na jona a shigar AWE32 don sifika ɗaya ta ɗauki duka. Yana yi, amma akwai wani "zzz" a ƙasa, in an tayar da janareta kuma ya ninka. Abu biyu suka rage shi. Na rage ƙarfin makirufo da CD zuwa sifili a manhajar daidaita sauti, tunda ba na amfani da su, sannan na sa kwamfuta da sifika a soket ɗaya ta bayan UPS. Daga baya na sayi ƙaramar mikisa mai layi huɗu, kowane kati da nasa maɓallin. Wannan ya warware min FM biyun ma, wanda ba na so sai in murɗe shi ƙasa da hannu.

Mai Gyara a Ikeja

Hajiya, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Maganar wuta da kika kawo ta tuna min abu ɗaya. Masu canza akwatin wutar tsohuwar kwamfuta da sabo su duba ko akwai farar waya a babban fulogin bod, ita ce -5V. Sababbi sun daina zuwa da ita, kuma akwai tsofaffin katuna irin Sound Blaster 2.0 da Pro AudioSpectrum 16 da ke buƙatarta. An taɓa kawo min ɗaya wai ya mutu, na sa shi a tsohon akwati ya yi magana. AWE64 bai damu da ita ba.

Mai Kibod na Mile 12

Amin. Auta ya ambaci Gravis. Na shekara ina leƙa kwalaye a Alaba da Ikeja ban taɓa ganin na asali ba. Akwai sabon kati da ake kira PicoGUS, an gina shi a kan Raspberry Pi Pico, yana shiga ramin ISA ya kwaikwayi Gravis ko AdLib ko MPU-401. Na roƙi ƙanena da ke Ingila ya taho min da shi in zai zo. Jazz Jackrabbit da Epic Pinball nake son ji a kansa.

Ɗan Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan mahaifin Hajiya. Ga inda nake. Daren jiya na goge haƙoran Yamahar, audugar har baƙi ta yi. Na ba shi 220 da 7 da 1 kamar yadda Baba ya ce, na kashe tashar firinta, na mayar da AWE64 240 ta manhajar saitinsa CTCU, na kashe MIDI da joyistik na Yamaha. Wolfenstein ya tashi da kiɗa da muryar masu gadi duka ta Yamaha, Duke Nukem kuma ta AWE64, babu daskarewa. Abin da ya rage FM ɗin ne. Da na haɗa su da waya zuwa sifika ɗaya sai kiɗa ya fito biyu a haɗe, kuma in na rage MIDI na AWE64 don in kashe nasa FM ɗin, kiɗan AWE ɗin ma tafiya yake. Hajiya, mikisar nan taki a Alaba kika samu ko a Ikeja, kuma wane irin baki wayoyinta suke da shi? Baba, in Auta zai zo ranar Lahadi ni ma zan biyo shi bayan la'asar, in taho da Yamahar mu saurare shi kusa da Pro 2 ɗinka.