Farin bango da ɗakin duhu a fim ɗaya: yaya ake auna haske a tsohon sansani?

Mai_K1000:
Assalamu alaikum. Zan je sansanin Elmina da ke bakin teku a Ghana, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482. Kyamarata Pentax K1000 ce mai lens 50mm, fim kuma Ilford HP5 Plus, baƙi-da-fari, ISO 400 (ma'aunin saurin karɓar haske na fim). Katangun waje farare ne fat, ga rana, ɗakunan ƙasa da aka tsare bayi kuwa duhu ne ƙirin. Fim ɗaya zai ɗauki duka biyun? Yaya zan saita?

Dakin_Duhu:
Wa alaikumus salam. Zai ɗauka, malam, amma kada ka bi allurar mita mai auna haske ido rufe. Mitar kyamara ba ta san fari ba, ba ta san baƙi ba. Duk abin da ka nuna mata so take ta mayar da shi ruwan toka. In farin bango ya cika maka fuska, za ta ce haske ya yi yawa, ka rage, sai bangon ya fito kamar an shafa masa toka, inuwar ƙofofi kuma ta zama baƙi babu komai a ciki. Maganinsa, ka auna bangon, sannan ka ƙara haske mataki ɗaya da rabi zuwa biyu (kowane mataki ninka haske ne). In ta ce f/16, ka ƙara buɗe lens zuwa f/8, saurin shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga, yana nan yadda yake.

In ka rikice, ga tsohuwar ƙa'ida: rana tsaka babu gajimare, f/16 da 1/500 na daƙiƙa ga fim mai ISO 400. Kuma in za ka yi kuskure, gara ya zama na ƙarin haske. Negatif yana jure ƙarin mataki ɗaya ko biyu, amma abin da bai shiga inuwa ba, babu wankin da zai dawo da shi.

Ni dai ba na son tsakar rana ga irin wannan gini. Da hantsi ko bayan la'asar haske yana zuwa ta gefe, shi ke fito da tsagar bango da kaushin dutse da tsatsar igwa. Ka ɗaura filta ruwan ɗorawa, sama za ta ɗan yi duhu, farin gini ya fita daga jikinta. Tana cin haske kamar mataki ɗaya, amma da yake mitarka ta cikin lens take gani, ita za ta lissafa.

Mai_Negatif:
Na ciki shi ne aikin. Da lens 50mm hannu ba ya riƙe ƙasa da 1/60 ba tare da rawa ba, ɗakunan nan kuwa daƙiƙoƙi za su nema. K1000 ta tsaya a daƙiƙa ɗaya, daga nan sai B, inda shota ke zama a buɗe muddin kana danne, kuma ba ta da agogon ɗaukar kai, don haka wayar danna shota dole ce, tare da mai ƙafa uku na ɗora kyamara. Mitarta ma ba ta da tabbas a irin wannan duhu, ka auna da manhajar waya.

Ga inda mutane ke faɗuwa: in ɗauka ta wuce daƙiƙa ɗaya, fim yana yin kasala, ba ya karɓar haske daidai da lissafi. A HP5, in an auna daƙiƙa 4 ka ba shi 6, in 10 ka ba shi 20, in 30 sai kusan 86. Wanda bai ƙara ba zai wanke ya ga negatif garau kamar ba a ɗauka ba. Ka auna bangon da kake son a gani, ban da ƙofa ko tagar da haske ke shigowa, don ita ke ruɗar mita. Kowane muhimmin wuri ka ɗauka sau biyu, na biyun da ƙarin mataki ɗaya.

Ka tuna kuma wurin baƙin ciki ne. In mutane sun tsaya shiru a ciki, ka jira su fita.

Tsohon_Hannu:
Ɗan'uwa, ka fara tambayar masu kula da wurin ko sun yarda da mai ƙafa uku, don wuraren tarihi da yawa suna da ƙa'idarsu. In sun hana, a nan zan saɓa da waɗanda suka gabace ni: ka yi fim biyu. Na ciki ka saita a ISO 1600, ka buɗe lens f/2, ka jingina da bango, a wanke a sinadarin Ilfotec DD-X, kashi ɗaya ga ruwa kashi huɗu, minti 13 a digiri 20. Tsabar hoto za ta yi kauri, inuwa ta ƙara baƙi. Ba a yi wa rabin fim wannan wanki, shi ya sa sai ka rubuta 1600 a jikin gwangwanin.

Na waje, in rana ta yi tsanani, ka ɗauka a ISO 200, ka rage lokacin wanki da kusan kashi 20 cikin 100, farin bango ba zai toshe ba.

Kada ka ɗaga hancin kyamara sama, katanga za ta fito kamar za ta faɗi baya; ka ja da baya ko ka hau tudu. Kafin tafiya ka duba soson da ke bakin murfin baya, in ya narke yana manne wa yatsa, haske zai shiga. Ka rufe lens in ba ka ɗauka, domin mitar ba ta da makunni, batirin SR44 ɗin zai ƙare. Iskar teku tana da gishiri, da yamma ka goge jikin kyamara da tsumma mai laushi. A filin jirgi ka roƙi a duba fim da hannu, sababbin injinan CT na duba kaya suna ɓata shi ko da wucewa ɗaya.